Yadda ake tayar da tsohuwar motar da ta daɗe a ajiye

Tsohuwar mota mai kafireto da ta yi shekara biyu ko uku a ajiye, babban abin da ke lalata ta shi ne gaggawar murɗa makulli. Man da ke jikin silinda ya riga ya tsiyaye zuwa ƙasa, ringi sun bushe, wataƙila ma sun kama tsatsa. Idan kik ya juya injin da ƙarfi a wannan hali, ringi na iya karyewa ko ya kankare bangon silinda, aikin yini ɗaya ya koma na sauke inji. Don haka ka cire batir tukuna, wayar ƙasa mai alamar ragi ita ce farkon kwancewa.

Fara da fulogi. Kafin ka cire wayoyinsu, ɗaura wa kowace alama, don idan suka rikice motar ba za ta tashi ba, sai dai ta riƙa harbi ta kafireto. Yawancin injina masu silinda huɗu a jere suna bin tsarin wuta (wato jerin yadda silinda ke samun wuta ɗaya bayan ɗaya) 1-3-4-2, amma Volkswagen Beetle nata 1-4-3-2 ne. Busa datti daga gefen kowane fulogi, ka kwance shi, ka zuba kamar cokali ɗaya na man inji a ramin, ka bar shi ya kwana. Washegari ka sa giya a furi, ka ɗora sifana a kan notin fulin da ke gaban inji, ka juya shi a hankali zuwa inda yake juyawa idan yana aiki. Ya kamata ya zagaya sau biyu ba tare da cijewa ba. Idan ya tsaya cak, kada ka ƙara wa sifanar tsawo da bututu. Mai yiwuwa bawul ne ya maƙale, kuma ƙarfi zai lanƙwasa shi. Ƙara mai, ka ba shi kwana biyu, ka riƙa motsa shi gaba da baya kaɗan-kaɗan.

Sai baƙin mai. Juye tsohon, ka dube shi da kyau a cikin roba. Idan ya yi fari-fari kamar an gauraya shi da madara, ruwa ya shiga, kuma galibi gasket ɗin tof, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, shi ne ya ƙone. Idan yana warin fetur, fatar da ke cikin famfon mai ta yage, fetur na zuba cikin inji. Canja filta, ka zuba sabon mai. Injinan shekarun 1960 da 1970 da dama sun fi son mai kauri irin 20W-50, amma littafin motar shi ne alƙali.

Fetur ɗin da ya daɗe yana zama danƙo, launinsa ya koma ruwan ƙasa, warinsa kamar na fenti. Kada ko ɗigonsa ya kai kafireto. Juye tankin a fili, nesa da wuta da taba da duk abin da ke tartsatsi. Haska cikinsa da tocila. Idan akwai ɓawon tsatsa, sai an sauke shi an wanke, in ba haka ba kullum zai riƙa toshe maka filta. Tiyon roba na fetur kuwa, canja su duka ko da sun yi kyau a ido, domin daga ciki suke fara tsagewa, musamman inda ake gauraya fetur da sinadarin etanol. Tiyo guda da ya fashe a kan inji mai zafi ya isa ya cinye motar gaba ɗaya. Buɗe kafireto, ka wanke ƙoƙon da mai ke taruwa, ka busa ƙananan ramukan jet, inda fetur ke bi, da iska. Kada ka zura musu waya ko allura: tagulla ce mai laushi, ramin zai faɗaɗa, motar ta koma shan mai da baƙin hayaƙi.

Ɓangaren wuta shi ne inda tsofaffin motoci suka fi ba mutum wahala, alhali gyaransa bai da tsada. Buɗe murfin distirbuta, za ka ga kwantak, ƙarafa biyu da ke buɗewa suna rufewa. Zama kawai yana sa fuskarsu ta yi dusashe har wuta ta kasa wucewa. Goge su da takardar yashi mai laushi, ko ka sa sabo tare da kwandansa. Juya inji har sai sun buɗe iyakar buɗewarsu, sannan ka auna tazarar da siririn ƙarfen awo. A injina masu silinda huɗu da yawa, har da Beetle, tazarar milimita 0.4 ce. Idan ta yi ƙanƙanta, kwantak ɗin zai ƙone da wuri, wutar kuma ta makara. Fulogi na irin wannan tsari galibi tazararsu tsakanin milimita 0.6 ne da 0.7.

Duba lagireto, ka matsa tiyonsa da hannu. Wanda ya yi tauri ko ya kumbura ya gama aiki. Zuba ruwa da maganin sanyaya inji rabi da rabi, don ruwa zalla yana cin ƙarfe. Fambel ya lotsa kamar santimita ɗaya idan ka danna tsakiyarsa da babban yatsa.

Yanzu mayar da batir. Cikakke yana nuna kusan volt 12.6. Kafin ka mayar da fulogi, cire ƙaramar wayar da ke kai wa kwayil wuta, ka buga kik na daƙiƙa goma-goma, kana hutawa a tsakani, har fitilar mai ta mutu. Wannan ne ke tabbatar da cewa mai ya zagaya ko'ina kafin inji ya ɗauki nauyi. Sannan ka ɗaura komai, ka ja cok, ka tayar, da abin kashe gobara kusa da kai, kuma a waje, ba cikin rufaffen gareji ba. Shuɗin hayaƙi na mintunan farko man da ka zuba a silinda ne. Bar ta a silo, kada ka taka totur, ka riƙa leƙa ƙarƙashi ko akwai yoyo. Batir ya nuna tsakanin volt 13.8 da 14.4 idan caji na aiki.

Tashin inji ba izinin hawa titi ba ne. Man birki na DOT 3 da DOT 4 yana shan danshi daga iska, ya sa tsatsa a silindan taya, shi ya sa ake canja shi duk shekara biyu. Ɗaga motar, ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe, kada ka taɓa shiga ƙarƙashinta jak kaɗai na riƙe da ita. Fitar da iska da tsohon mai daga bututun birki, ka fara daga tayar da ta fi nisa da babban silindan birki. Kada ka haɗa DOT 3 ko DOT 4 da DOT 5, kuma wasu motocin Citroën koren mai na LHM suke sha, man birki na gama-gari yana narkar da robobinsu. A jikin taya, lambobi huɗu na ƙarshe bayan alamar DOT mako ne da shekara: 2314 na nufin mako na 23 a 2014. Tayar da ta haura shekara goma a cire ta, ko da zanenta bai goge ba. Fitar farko ta zama gajeriya, a hankali, ka dawo ka taɓa kowane wili. Wanda ya fi sauran zafi, birkinsa ne ke kamawa.