Kurakuran da ke rushe wakafi kafin ya amfani kowa

Na daɗe a kwamitin da ke kula da wakafin masallaci da Islamiyyar unguwarmu, kuma na gaji da ganin mutanen kirki suna zuwa da kyakkyawar niyya, su maimaita kuskuren waɗanda suka gabace su, sannan bayan rasuwarsu 'ya'yansu su kwashi juna zuwa gaban alƙali. Ƙa'idar wakafi, ko hubusi kamar yadda malamanmu na Malikiyya ke kiransa, a fili take tun daga gonar Sayyidina Umar ta Khaibar: a tsare asalin dukiya, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gadonta, amfaninta kawai ake bayarwa. Amma niyya ita kaɗai ba ta kafa wakafi.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne mutum ya furta wakafi amma ya ƙi sakin dukiyar daga hannunsa. Baffana, Allah Ya jiƙansa, ya miƙe bayan sallar Juma'a ya shaida wa jama'a cewa shaguna huɗu da ke jikin gidansa ya bar wa Islamiyya. Aka yi kabbara, aka sa masa albarka, ni kuma da nake sakataren makarantar na ɗauka magana ta ƙare. Sai dai makullan suna aljihunsa, shi ke karɓar kuɗin haya, shi ke biyan malamai da hannunsa, har ya koma ga Allah. Da magada suka kai ƙara, alƙali bai yi gardama kan furucin ba, domin shaidu sun cika kotu. Tambayarsa ɗaya ce: wa ya karɓi shagunan a madadin makaranta lokacin da marigayi yana da rai da lafiya? Babu kowa. Shagunan suka shiga rabon gado, malamai biyu suka bar aiki saboda babu abin biyansu, kuma har yau akwai 'yan'uwana da gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Wannan karɓar da alƙali ya tambaya ita ce abin da malamai ke kira hauzi. A mazhabar Imam Malik, idan ba a karɓi abin da aka yi wakafinsa ba har mai shi ya rasu, ko ya shiga ciwon ajali, ko bashi ya cinye dukiyarsa, wakafin ya ɓaci. Khalil, malamin fiƙihun Malikiyya, ya ma ambata a cikin littafinsa Mukhtasar cewa wanda ya yi wakafin gidan da yake zaune, sannan ya koma ciki kafin shekara ta cika, ya ɓata abin da ya yi. Tun daga shari'ar shagunan baffana ba na yarda a ɗaga hannu a yi addu'a sai an yi abu uku a zama ɗaya: a miƙa makulli ga naziri, wato mai kula da wakafin, a rubuta wa 'yan haya takarda cewa daga wannan wata ga wanda za su riƙa biya, kuma shaidu biyu da ba 'yan gidan ba su sa hannu. Wasu na ganin wannan rashin kunya ne ga dattijo. Ni a wurina kare masa ladansa ne.

Wanda ya jira sai ya kwanta ciwon ajali kuwa, wakafinsa hukuncin wasiyya ya ɗauka, ba ya wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji sai da yardar sauran magada.

Kuskure na biyu yana wuyanmu mu masu kula, kuma a nan ba zan sassauta ba. Don Allah, wane dalili ne zai sa kuɗin hayar wakafi ya shiga asusunka na banki, inda kuɗin cefanen gidanka da na kasuwancinka suke? Ka ce kai mai amana ne, na yarda, amma ranar da ka faɗi, matarka da 'ya'yanka ta yaya za su rarrabe naka da na wakafi? Na ga naziri ya ari kuɗin wakafi ya sayi masara da kaka da nufin ya mayar idan ta yi tsada, farashi ya karye, ya shafe shekara biyu yana ɓuya wa kwamiti.  Shari'a da dokar Turawa sun haɗu a kan cewa mai riƙon amana ba ya cin moriyar abin da aka ba shi riƙo, sai abin da aka yanka masa. Al'adata ita ce asusu daban mai sa hannun mutum biyu, rasit ga kowane ɗan haya, da littafi guda da nake karantawa a gaban jama'a duk watan Sha'aban, ko an nema ko ba a nema ba.

Sauran kurakuran gyaransu ba wuya. Kada a rubuta "wani ɓangare na gonata". A faɗi iyaka ta gabas da yamma, kudu da arewa. Kada a ce "don al'umma" a yi shiru; a fayyace ko albashin malamai ne, ko gyaran rufi, ko abincin ɗalibai. Wakafin iyali da aka yi wa 'ya'ya maza aka cire mata, Khalil ya lissafa shi cikin ɓatattu, kuma ni ba na sa hannu a irinsa.

Akwai kuma ɓangaren hukuma, wanda mutanenmu ke rainawa. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya sa wakafin Musulmi cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, amma wannan bai ɗauke Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ba, wadda ta wajabta neman amincewar gwamna kafin a sauya hannun filin da ke da shaidar mallaka ta jiha. Idan wakafin babba ne, ina ba da shawarar a yi wa amintattu rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, domin takardar fili ta fito da sunan ƙungiya maimakon sunan liman ko shugaban kwamiti. A cikin takardar kuma a rubuta yadda za a naɗa wani idan naziri ya rasu, ko ya yi ƙaura, ko aka same shi da ha'inci, tare da ambaton wanda ke da ikon tsige shi.