Yadda ake shafa wa rufin dekin maganin yoyo ba tare da ya ɓare ba

Bara na hau wani rufin dekin da aka shafa wa maganin hana yoyo wata huɗu kacal kafin damina. Duk ya yi bororo. Na sa farce na fasa ɗaya, sai ga ruwa a ciki, fatar kuma ta biyo hannuna kamar ɓawon dafaffen dankali. Maigidan sai tsine wa mai shago yake, wai jabu ya sayar masa. Alhali maganin lafiyarsa ƙalau, a kan ɗanyen kankare aka shafa shi.

To, a fara da bushewa. Sabon kankare yana son aƙalla kwana 28, kuma ido ba ya gane bushewarsa. Yanko leda kamar santimita 45 kowane gefe, ka shimfiɗa a kan dekin, ka liƙe bakinta da salatif, ka bar ta ta kwana. Da safe in ka ga gumi a cikinta, ko wurin ya yi duhu, akwai sauran laima. Ita ce rana ke tasowa ta zama tururi, ta ɗaga maganin. Ka ƙara jira, ko da magini na gaggawar karɓar kuɗinsa.

Sai tsafta. A kankare tsohon fenti da wannan farin garin siminti da ke kwanciya a sama, a goge da buroshin waya, a share. In lokacin hunturu ne, a sake sharewa dab da shafawa, don ƙurar dare ɗaya ta isa ta hana maganin kamawa. Duk inda ruwa ke kwanciya a cike shi, a ba shi gangara zuwa indararo.

Yanzu ga inda aikin yake. Yoyo ba kasafai yake farawa a tsakiyar rufi ba. Daga kusurwa ne, da gindin rawani (gajeriyar katangar da ke kewaye rufin), da bakin indararo, da inda bututu ya ratsa. Kusurwar da dekin ya haɗu da rawani a cike ta da siminti ta yi lanƙwasa, domin maganin yakan tsage a kusurwa mai kaifi. Tsaga kuwa a faɗaɗa ta kaɗan, a fitar da ƙurar, a cike. Bayan an shafa firaimar da ta dace da maganin, wato shafin share fage da ke sa shi kama kankare, ta sha iska, a shimfiɗa ƙyallen ƙarfafawa a duk wuraren nan, a danne shi cikin ɗanyen magani har ya jiƙe, babu tattara, babu iska a ƙasansa. Maganin ya hau jikin rawani aƙalla santimita 15. Magina na da ma, masu yaɓe soro da laso, a bakin indararo suke daɗewa.

Wajen haɗi, kada ka bari lebura ya ƙara ruwa ko fetur don "ya yi auki". In maganin mai kashi biyu ne, wato wanda sai an gauraya abu biyu kafin a shafa, a haɗa yadda aka rubuta a jikin bokiti, ba da ƙiyasin ido ba, kuma iya wanda za a shafe kafin ya daskare.

Kada a shafa da tsakar rana, musamman a zafin Maris da Afrilu. Kankare in yana ɗaukar zafi iska yake fitarwa, ta huda ɗanyen maganin ƙanana-ƙanana kamar bakin allura. Bayan la'asar ya fi, in babu hadari.

A yi shafi biyu ko uku marasa kauri. Mai kauri ɗaya samansa ke bushewa cikinsa ɗanye. Na biyu ya gitta na farko, bayan na farkon ya bushe. Lissafinsa: lita ɗaya a murabba'in mita ɗaya tana ba da kaurin milimita ɗaya yana ɗanye, in ya bushe ya ragu. Ka auna rufinka, ka san bokiti nawa zai ci. In an gama ka ga ragowa da yawa, an yi masa rowa.

Idan ya bushe sarai, toshe indararo, ka tara ruwa kamar santimita 5, ka bar shi awa 24 zuwa 48, kana duba silin daga ƙasa. Magani mai kwalta ba ya jure rana, sai an rufe shi da filasta ko tayil. Ranar da masu sola ko masu tankin ruwa za su hau kuwa, ka bi su sama, ka hana su huda dekin da ƙusa.