Kurakuran da Ke Shigo da Kuɗin Cizo da Ɓera Cikin Gida

Yawancin masu kukan kuɗin cizo a unguwannin Nima da Mamobi na birnin Accra suna ɗora laifin kan ƙazanta, alhali jini yake bi, kuma sau da yawa mai ɗakin ne ya shigo da shi da hannunsa. Sai a sayo gwanjo a kasuwar Kantamanto, ko tsohuwar katifa, a wuce da su ɗaki ba a duba bakin ɗinki ba, ga shi kuwa a nan ake ganin baƙaƙen ɗigo kamar na biro da fararen ƙwai ƙanana. Tufafi a wanke su da ruwan da zafinsa ya kai digiri 60 sannan a goge. Katifa kuwa, idan alamar ta bayyana, a bar wa mai ita komai arharta.

Ana kuma yin feshi sau ɗaya a ɗauka an gama. Magani ba ya cika kashe ƙwai, waɗanda ke ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, don haka wajibi ne a maimaita bayan mako biyu. A gidan haya mai ɗakuna jere, wanda ya yi feshi shi kaɗai ya kora su ne kawai wurin maƙwabci ta tsagar bango, kuma za su dawo. Mai gida ne ya kamata ya tsayar da rana ɗaya ga kowa, kodayake na san haɗa kan 'yan haya ba ƙaramin aiki ba ne.

Mafi muni shi ne ajiye ƙwayar maganin rumbun hatsi a ɗakin kwana, domin da zarar ta sha danshi sai ta saki iska mai guba. A shekarar 2018 yara uku 'yan gida ɗaya sun rasu a nan Accra ta wannan hanya. Ba a sa ta inda mutum yake kwana, ko da an buɗe taga.

Ɓera da kyankyaso kuwa daga kwata suke hawowa. Ba amfanin zuba guba ana barin ragowar tuwo a buɗe da dare. Ƙaramin ɓera yana kutsawa ta ramin da bai fi kaurin fensir ba, kuma tsumma ko kwalin da ake cusawa gutsire shi yake yi, saboda haka a cike gefen bututun ruwa da siminti, a buga fallen ƙarfe a ƙasan ƙofa.