Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Ba da Labarin Ƙasashen Ƙanƙara

Tun da shugaban Amurka Donald Trump ya ta da maganar sayen tsibirin Girinlan a 2019, ya kuma sake ta da ita a 2025, labarin ƙasashen ƙanƙara ya shigo gidajen rediyonmu da azuzuwan makarantunmu. Sai dai yawancin abin da muke faɗa a kan waɗannan wurare gadonsa muka yi daga littattafan Turawan da suka je can da jirage da tutoci. Mun karɓi labarin, mun karɓi idon da suka kalli mutanen wurin da shi, ba tare da mun tace ba. Ga kurakuran da suka fi yawa, da yadda malami ko ɗan jarida ko ɗalibi zai kauce musu.

Cewa ba kowa a can

Wannan shi ne tushen sauran. Ana haɗa ƙuryar arewa da ƙuryar kudu a ce duk "ƙanƙara ce zalla". Alhali ba su yi kama ba. Antatika, wadda ke kudu, nahiya ce da ba ta taɓa samun 'yan asali ba; masu bincike da 'yan yawon buɗe ido ne ke zuwa su koma. Aktik kuwa, a arewa, teku ne da ƙasashe suka kewaye, kuma mutane kusan miliyan 4 ke zaune a yankin. Akwai Inuit a Girinlan da Kanada da Alaska, akwai Sami a Norwe da Suwidin da Finlan da Rasha, akwai makiyayan Nenets a arewacin Rasha masu yin ƙaura da garken barewar ƙanƙara. Sun shekara dubbai a can.

Gyaran mai sauƙi ne: kafin ka rubuta komai, tantance wace ƙurya kake nufi, sannan ka ambaci al'ummar da sunanta. Inuit na Kanada da Girinlan ba sa son a kira su "Eskimo", don haka a bar shi.

Cewa wane ne ya "gano" wurin

Duk wanda ya yi firamare a Najeriya ya san tambayar nan ta jarrabawa: wa ya gano Kogin Kwara? A ce Mungo Park, a ci maki, alhali masunta da 'yan kwale-kwale ne suka nuna masa hanya. Irin wannan ake yi wa mutanen Aktik, mu ma muna taya yi.

Ana cewa Ba'amurke Robert Peary ne ya fara isa tsakiyar ƙuryar arewa a watan Afrilun 1909. Abu biyu ake tsallakewa. Na farko, masana da dama suna shakkar ko ya isa daidai wurin. Na biyu, ba shi kaɗai ya yi zangon ƙarshe ba. Yana tare da Matthew Henson, baƙar fatan Amurka wanda ya iya harshen mutanen wurin ya kuma ƙware a tuƙa amalanken ƙanƙara da karnuka ke ja, da Inuit huɗu: Ootah, Egingwah, Seegloo da Ooqueah. Matan Inuit ne suka ɗinka tufafin fatar da suka hana sanyi kashe tawagar. Peary ya sha lambobin yabo, Henson ya ƙare a ƙaramin aiki a ofishin kwastan na New York, sauran huɗun kuma da wuya ka ga sunansu a littafin makaranta.

A kudu ma darasin ɗaya ne. Roald Amundsen ɗan Norwe ya isa tsakiyar Antatika ranar 14 ga Disamba 1911, ya dawo da mutanensa lafiya. Robert Scott na Ingila ya isa bayansa da kusan mako biyar, ya mutu a hanyar dawowa shi da abokansa huɗu. Ana yawan ba da labarin a matsayin gasar jarumai biyu. Abin da ake mantawa shi ne Amundsen ya yi hunturu biyu, daga 1903 zuwa 1905, a cikin Inuit na Netsilik, a arewacin Kanada, a wurin da yau ake kira Gjoa Haven, yana koyon sa tufafin fata da sarrafa karnuka. Baƙo ko da ido makaho ne, shi kuwa ya yarda da haka ya zauna ya koya. Idan za ka ba da labarin wani mai yawon bincike, tambayi kanka wa ya ciyar da shi, wa ya tufatar da shi, wa ya nuna masa hanya, ka sa su a cikin labarin. Maimakon "ya gano", ka ce "shi ne Baturen farko da ya kai can".

Raina tarihin baka

A nan ne na fi so mu tsaya, domin mu Hausawa mun san darajar abin da kaka ta faɗa wa jika, amma da mun ɗauki alƙalami sai mu fifita takarda.

A 1845 John Franklin ya bar Ingila da jirage biyu, Erebus da Terror, yana neman hanyar ruwa ta arewacin Kanada. Mutum 129 ne suka shiga ƙanƙarar, ko ɗaya bai dawo ba. A 1854 wani likita ɗan Sikotlan, John Rae, ya dawo da labari daga bakin Inuit: sun ga Turawa suna jan kwale-kwale a kan ƙanƙara cikin yunwa, daga baya sun tarar da gawarwakinsu, kuma alamu sun nuna yunwa ta kai wasu ga cin naman 'yan'uwansu da suka mutu. Rae ya zo da cokula da wasu kayan tawagar da ya saya a hannun Inuit don shaida. Manyan Landan suka fusata. Aka ce ba za a karɓi maganar "mutanen daji" a kan sojan ruwan Ingila ba, har aka yi zargin ko Inuit ɗin ne suka kashe su.

Bayan fiye da shekara ɗari, masana suka duba ƙasusuwan da aka samu a tsibirin King William, suka ga sawun wuƙa a jikinsu, kamar yadda Inuit suka faɗa. Jiragen kuma? Inuit sun daɗe suna nuna yankin da wani jirgi ya nutse. Wani masanin tarihinsu, Louie Kamookak, ya shafe shekaru yana tattara waɗannan labaran daga tsofaffi. A 2014 aka samu Erebus a yankin da labaran suka nuna. A 2016 aka samu Terror bayan wani mafarauci ɗan Gjoa Haven, Sammy Kogvik, ya gaya wa masu nema cewa ya taɓa ganin wani dogon itace ya ɓullo daga ƙanƙara a wani lungun teku. Shekara kusan 170 ana kashe dukiya ana nema, amsar tana bakin mutanen da aka ƙi saurara. Yau gwamnatin Kanada da hukumar kula da gadon Inuit ne ke da mallakar kayan da ake cirowa daga jiragen tare.

Saboda haka idan rubutaccen rahoton Bature ya saɓa da abin da mutanen wuri suka riƙe, kada ka yanke hukunci don ɗaya na kan takarda. Kawo duka biyun, ka duba wanne ne shaidar ƙasa ta goya wa baya.

Ɗaukar mulkin mallaka abin ƙasashe masu zafi ne kawai

Mutane da yawa suna ganin Danmak da Norwe da Kanada a matsayin ƙasashen da hannunsu bai ɓaci ba. Tarihin Aktik bai yarda da haka ba.

Daga shekarun 1940 gwamnatin Kanada ta riƙa ba Inuit lamba a kan wani ɗan faifai da ake ratayawa a wuya, tana kiransu da lambar a takardun hukuma, don jami'anta sun kasa rubuta sunayensu. A 1953 da 1955 ta kwashi iyalai, mutum 90 da 'yan kai, yawancinsu daga Inukjuak, ta kai su Resolute da Grise Fiord, kusan kilomita 2,000 can arewa, inda rana ke ɓacewa na tsawon watanni kuma dabbobin farautar ba waɗanda suka saba ba ne. An yi musu alƙawarin dawowa bayan shekara biyu idan ba su ji daɗi ba, ba a cika ba. Sai a 2010 gwamnati ta nemi gafara.

A Girinlan, a 1951 an raba yara 22 da iyayensu aka kai su Danmak don a mai da su "ƙananan 'yan Danmak". Da yawa sun dawo ba sa jin harshen uwayensu. A 1953 aka ba mutanen Thule 'yan kwanaki su tashi daga garinsu don a faɗaɗa sansanin sojan Amurka, aka mai da su Qaanaaq. A shekarun 1960 da 1970 likitoci sun sa wa dubban mata da 'yan mata na Girinlan na'urar hana ɗaukar ciki, da yawansu ba da saninsu ba. A Norwe an yi shekaru ana hana yaran Sami magana da harshensu a makaranta. Tarayyar Sobiyet kuma ta kwashe Nenets daga tsibiran Novaya Zemlya ta mai da wurin filin gwajin nukiliya, inda a 1961 ta tayar da bam mafi girma da aka taɓa tayarwa.

Wanda ya bar waɗannan a labarinsa, ba zai iya bayyana wa mai sauraro dalilin da ya sa 'yan Girinlan ke jin zafin maganar "saye" ba.

Ganin kayan gidan tarihi kamar tsintuwa aka yi

Hotunan kayan Inuit a gidajen tarihi na Turai da Amurka suna burge mutane, ba a tambayar yadda suka je can. A gidan tarihin halittu na New York akwai wani ƙaton dutsen ƙarfe da ya faɗo daga sama, nauyinsa ya kai tan 31. Daga irin waɗannan duwatsu mutanen arewacin Girinlan suka daɗe suna samun ƙarfen wuƙa da na mashi. Peary ya sa aka nuna masa inda suke, ya kwashe su, na ƙarshe a 1897, daga baya aka sayar wa gidan tarihin a kan dala 40,000.

A jirgin da ya ɗauko dutsen ya taho da Inuit shida don masana su yi nazarinsu. Huɗu suka mutu da cuta. Cikinsu har da Qisuk, mahaifin wani yaro mai suna Minik. Aka shirya jana'izar ƙarya a gaban yaron, aka binne itace a nannaɗe, aka ajiye ƙasusuwan uban a gidan tarihin. Minik ya girma ya gano gaskiya, ya roƙa a ba shi ƙasusuwan mahaifinsa, aka hana shi har ya mutu. Sai a 1993 aka mai da su Girinlan aka binne.

Ba a rasa abin koyi ba. Tsakanin 1982 da 2001 Danmak ta mayar wa Girinlan kayan tarihi kusan 35,000, yanzu suna Nuuk, babban birnin Girinlan. Masu bin maganar dawo da kayan tagullar Benin zuwa Najeriya za su amfana da sanin yadda aka yi wannan. Duk lokacin da ka sa hoton wani kaya, faɗi al'ummar da ta yi shi, da wanda ya ɗauke shi, da shekarar.

Cewa muhallin bai taɓa lalacewa ba sai yanzu

Gaskiya ne Aktik na ɗumama kusan ninki huɗu na saurin sauran duniya. Amma ɓarnar ba da canjin yanayi ta fara ba. Tun ƙarni na 17 'yan Holan da Ingila suke kashe wel, ƙatuwar dabbar tekun nan mai shayarwa, a kewayen tsibiran Svalbard da ke can arewa da Norwe don man fitila, har ta kusa ƙarewa. A Tekun Bering, tsakanin Alaska da Rasha, an yi wata babbar dabba 'yar'uwar ayun Kogin Binuwai, wadda Turawa suka fara gani a 1741. Zuwa 1768 an cinye ta ƙaf. A kudu, tashar Grytviken da aka kafa a tsibirin South Georgia a 1904 ta buɗe ƙofar kisan da ya rage shuɗin wel na Antatika zuwa ƙasa da kashi 1 cikin 100 na adadinsa. Tankokin man da suka yi tsatsa suna nan har yau.

Kuskuren da ke biye da wannan ya fi ciwo, wato ɗora laifin a kan mafarautan gargajiya. Da ƙasashen Turai suka hana shigo da fatar jariran sil, wata dabbar teku mai shayarwa da ke hawa kan ƙanƙara, a 1983, kasuwar fatar gaba ɗaya ta rushe, garuruwan Inuit suka shiga talauci, alhali su manyan sil suke farauta, su ci naman su sa fatar. A ƙasar da ba a noma, farauta ita ce gona. Rarrabe tsakanin kamfanin da ke cika jirgi don riba da magidancin da ke ciyar da gidansa.

Cewa Antatika ba ta kowa ba ce, Girinlan kuma ta Danmak ce

Duka biyun rabin gaskiya ne. Ƙasashe bakwai, wato Ajantina, Ostireliya, Chile, Faransa, New Zealand, Norwe da Birtaniya, sun yanki Antatika a taswira kowa ya ce nan nasa ne. Yarjejeniyar 1959 ba ta soke waɗannan iƙirarin ba, jingine su ta yi. Ƙarin yarjejeniyar Madrid ta 1991 ce ta hana haƙar ma'adinai. A cikin ƙasashe 12 da suka fara sa hannu, Afirka ta Kudu ce kaɗai daga nahiyarmu, ita ma a zamanin wariyar launin fata.

Girinlan kuwa tana cikin masarautar Danmak, amma ta samu mulkin cikin gida a 1979, aka faɗaɗa shi a 2009. Dokar 2009 ta amince cewa mutanenta, kusan 57,000, yawancinsu Inuit, al'umma ce mai 'yancin zaɓar makomarta, har da ɓallewa idan sun kaɗa ƙuri'a a kan haka. Suna da majalisa da firaminista a Nuuk, arzikin ƙarƙashin ƙasa kuma a hannun gwamnatinsu yake. In labarin ya sake tasowa, kada ka tsaya ga abin da Washington da Kopenhagen suka ce. Nemo abin da gwamnatin Nuuk ta faɗa, ka sa shi a sakin layi na farko.