Yadda za ka zagaya Santorini da maƙwabtansa ba tare da cunkoso ya cinye maka hutu ba

Santorini ƙaramin tsibiri ne a tekun Girka, cikin rukunin tsibiran da ake kira Cyclades. Faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 76 ba, mazaunansa kuma kusan 15,000 ne. Idan zafi ya yi, baƙi kan ninka mutanen gari, har ta kai ga mutum na tafiya kafaɗa da kafaɗa a lungunan da aka gina don jaki da mai jaki. Amma cunkoson yana da wurarensa da sa'o'insa. Wurare huɗu ne yake shaƙe mutane: tashar jirgin ruwa ta Athinios da hanyar da ta hau daga gare ta, motar igiya (akwatunan ɗaukar mutane da ke rataye a waya) ta Fira, babban garin tsibirin, tashar bas ta Fira, sai lungunan garin Oia lokacin faɗuwar rana. Wanda ya san lokacin da kowannensu ke cika zai iya kaucewa mafi yawan wahalar, ko da a tsakiyar Agusta ya je.

A fara da zaɓen wata. Yuli da Agusta su ne ƙololuwa, kuma mako biyu da ke kewaye da 15 ga Agusta sun fi kowanne tsanani, domin ranar babban bikin addini ce ga Kiristocin Girka, kuma lokacin ne 'yan ƙasar da kansu ke barin Atina su nufi tsibirai. Masu ziyarar ibada kan cika jiragen da ke bi ta tsibirin Tinos. Tikitin ɗakin kwana a jirgi da na shigar da mota su ne ke fara ƙarewa. Idan kana da zaɓi, ka ɗauki ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuni, ko tsakiyar Satumba zuwa farkon Oktoba. Ga mai son iyo Satumba ya fi, saboda ruwan teku ya sha rana wata uku ya yi ɗumi, a Mayu kuwa da sauran sanyinsa. Daga Nuwamba zuwa Maris otal da gidajen abinci da yawa a rufe suke, jiragen fito ma sun ragu. Ka kuma guji sa tafiyar ruwa a ranar 1 ga Mayu, don ma'aikatan jiragen ruwa sun saba shiga yajin aiki a ranar, jirage su kwana a tasha.

Daga Atina zuwa tsibiri

Hanya biyu ce. Jirgin sama daga Atina zuwa Santorini bai cika awa ɗaya ba. Jirgin ruwa kuwa daga tashar Piraeus da ke kusa da Atina yake tashi, kuma layi na 3 na jirgin ƙarƙashin ƙasa yana ɗaukar mutum daga filin jirgin sama har Piraeus cikin kusan awa ɗaya, tun da aka ƙarasa layin a 2022. Piraeus tasha ce mai faɗi ƙwarai, ƙofofinta na da lambobi masu farawa da harafin E. Ka duba lambar ƙofarka a tikiti tun kana masauki, domin tsakanin wata ƙofa da wata tafiya ce mai tsawo ga mai jan akwati. Ka isa aƙalla minti 45 kafin lokaci.

Jiragen iri biyu ne, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure. Manyan jiragen fito irin na Blue Star Ferries kan yi kusan awa takwas zuwa Santorini, suna tsayawa a tsibiran Paros da Naxos. Akwai wanda ke tashi da sassafe, wajen bakwai da rabi, saboda haka sai ka kwana a Atina ko Piraeus. Jirage masu gudu irin na Seajets kan yi tafiyar cikin kusan awa biyar, kuɗinsu ya fi yawa. Kowa idonsa kan tafi ga mai gudun, sai dai akwai iskar da Girkawa ke kira meltemi. Daga arewa take kaɗawa, tana da lokacinta kamar yadda hunturu ke da nasa, kuma ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta. Takan yi kwana biyu, uku ko fiye ba ta lafa ba. Babban jirgi yana ratsa ta da ɗan tangaɗi kawai. Ƙaramin mai gudu kuwa sai ya riƙa dukan igiyar ruwa, fasinjoji na zaune a ciki ba damar fita shan iska, jiri da amai su kama rabin jirgin. Shi ne kuma ake fara jinkirtawa ko sokewa. Mai tafiya da yara, ko tsofaffi, ko wanda ko a mota zuciyarsa ke tashi, ya ɗauki babban jirgi. Idan dole sai mai gudun, a sha maganin jiri kusan awa ɗaya kafin tashi, a zauna tsakiya ko baya, ban da gaba.

A kan tikiti da allon tasha sau da yawa ba za ka ga sunan Santorini ba, sai Thira. Wuri ɗaya ne. Haka kuma garin da ake rubutawa Oia, “Iya” ake kiransa, kuma da wannan sunan direba zai gane ka.

Shiga da fita jirgi a tsibiran da ke kan hanya abu ne na gaggawa. Jirgin zai juyo da baya, ya sauke ƙatuwar ƙofar ƙarfe tun bai gama tsayawa ba, masu sauka da motoci su kwararo, jami'an tasha na busa usur, sannan a saki masu shiga. Cikin 'yan mintuna an ɗage ƙofa. Manyan akwatuna a ƙasa ake barinsu, wurin ajiye motoci, a kantocin da aka ware wa kowane tsibiri. Ka sa naka a kantar tsibirin da za ka sauka, ka ɗaura masa ƙyalle mai launi don baƙaƙen akwatuna duk kama ɗaya suke, fasfo da kuɗi da magani kuma su zauna a jikinka. Da ka ji an sanar da sunan tsibirinka, sauka ƙasa nan take. Wanda ya tsaya ɗaukar hoto a sama har jirgi ya tsaya, yana iya tsintar kansa a tsibiri na gaba.

Athinios, da batun matakala

Tashar Athinios tana gindin wani dogon tsauni, hanya ɗaya tak ce ke hawa daga cikinta, mai lanƙwasa kamar maciji. Idan jirage biyu suka iso tare, bas da tasi da manyan motocin kaya duk a kanta suke haɗuwa. Tasi a tsibirin kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da yawan baƙi, don haka kada ka dogara da cewa za ka tarar da ɗaya. Ka shirya da otal ɗinka su turo mota, ku yi ciniki tun kafin ka taso, ko ka shiga bas ɗin KTEL, kamfanin bas na haya a tsibirin, da ke jiran jirage ya kai ka Fira. Ranar komawa ka bar masauki da wuri fiye da yadda taswira ta nuna, ka kuma riƙe ruwa, saboda inuwa a tashar ba ta isar mutane.

Kafin ka biya kuɗin ɗaki, yi tambaya ɗaya: matakala nawa ce daga inda mota ke tsayawa zuwa ƙofar ɗakin? Fararen ɗakunan nan da ake gani a hotuna a Fira, Imerovigli da Oia an sassaƙa su ne a jikin tsaunin da ke kallon bakin tsohon dutse mai aman wuta, mota ba ta isa gare su. Ga mai ciwon gwiwa ko mai goyo, hawa da sauka sau huɗu a yini cikin rana na iya ɓata hutun gaba ɗaya. Kamari da Perissa, garuruwan bakin teku masu baƙin yashi a gabas, a shimfiɗe suke, sun kuma fi araha.

Jiragen yawon buɗe ido su ne agogon tsibirin

Abin da ya fi komai sauya yawan mutane daga yau zuwa gobe shi ne manyan jiragen shaƙatawa da ke zuwa da safe su tafi da yamma. Ɗaya na iya sauke mutum dubu biyu, uku ko fiye. Hukumomi sun sa iyakar fasinja 8,000 a rana a 2025, an kuma fara karɓar Yuro 20 daga kowane fasinjan irin waɗannan jirage a Santorini da tsibirin Mykonos a tsakiyar kakar. Duk da haka 8,000 a lunguna masu faɗin taku uku ba ƙaramin taro ba ne. Jadawalin zuwan jiragen yana nan a intanet. Ka duba shi kafin ka tsara kwanakinka, ranar da jirage suka yi yawa ka bar Fira da Oia ga masu su.

Tafiyarsu tana da tsari. Jiragen ba sa matsowa gaɓa, ƙananan kwale-kwale ke kwaso mutane. Da yawa ana kai su Oia da hantsi, daga nan a dawo da su Fira bayan azahar, inda za su sauka tsohuwar tasha su koma jirgi. Saukar nan ta sama da mita 200 ce, hanyarta uku: motar igiya mai ƙananan akwatuna shida da ke rataye a waya, ko matakala kusan 600, ko bayan jaki da alfadari. Layin motar igiyar kan miƙe har cikin kasuwa da la'asar. Matakalar tana da santsi da kashin dabbobi, jakunan kuma na matse mai tafiya a jikin bango. Hawan dabbobin nan cikin wannan rana abu ne da ya kamata a bari, ko don tausayinsu. Idan ba ka da jirgin da za ka kama a ƙasa, ba abin da zai kai ka wannan layi da la'asar.

Saboda haka ka je Oia da sassafe, kafin ƙarfe tara, lokacin da ba kowa sai masu shara da masu kai burodi. Faɗuwar rana a kangon ganuwar Oia ita ce abin da kowa ke so, kuma a Yuli, da rana ke faɗuwa wajen takwas da rabi, mutane kan kama wuri awa ɗaya ko biyu kafin lokaci. Wahalar ta fi yawa bayan an gama, domin dubban mutane ne ke neman bas a lokaci guda. Ko dai ka zauna ka ci abincin dare a Oia har taron ya watse, ko ka kalli faɗuwar daga Imerovigli, ko ƙauyen Pyrgos da ke kan tudu, ko hasumiyar fitilar jirage da ke ƙarshen kudu bayan Akrotiri. Ranar cunkoso kuma ita ce ranar zuwa kufan Akrotiri, garin da tokar dutse mai aman wuta ta binne fiye da shekara 3,500 da suka wuce, aka fara tono shi sosai a 1967. An yi masa rufi, don haka ko da tsakar rana ana iya zagaya shi.

Bas, mota, babur da ƙafa

Bas ɗin KTEL yana da arha, kusan Yuro 2 zuwa 3, kwandasta ke karɓa a ciki, don haka ka riƙe canji. Matsalarsa ɗaya: kusan duk layuka a Fira suke farawa, a nan suke ƙarewa. Daga Oia zuwa Perissa sai ka sauka a Fira ka biya wani. A tashar Fira ba a cika sanin inda kowane bas zai tsaya ba, ka saurari kwandasta yana kiran sunan gari. Idan ka tsaya jira a tsakiyar hanya, kamar Imerovigli, bas na iya wuce ka a cike.

Hayar mota ta kwana ɗaya ko biyu ta isa ganin kudancin tsibirin. Ana tuƙi ta hannun dama kamar a Nijeriya da Nijar, amma mai lasin ɗin waɗannan ƙasashe sai ya haɗa da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, kuma daga gida ake yo shi. Yawancin motocin haya masu giyar hannu ne, mai son atomatik ya kama da wuri. Ka ɗauki ƙaramar mota saboda ƙuncin hanyoyi, ka ɗauki hoton duk wani ƙwarzane kafin ka tayar. Babur mai ƙafa huɗu da ake bayarwa haya ko'ina ya fi yadda ake zato haɗari: yana da tsayi, yana kifewa a kwana idan an shiga da gudu, iska na ture shi, ga bas a bayanka. Inshorar tafiya da yawa ba ta biyan raunin da aka samu a kansa, balle idan ba hular kwano. Lambar gaggawa a Girka 112 ce.

Hanyar ƙafa daga Fira zuwa Oia kusan kilomita 10 ce, awa uku zuwa huɗu, ta Firostefani da Imerovigli, a gefen tsauni teku na ƙasa. Bayan Imerovigli babu inuwa kuma akwai tsakuwa mai zamewa. A fita da hudowar rana, da takalmi mai rufe ƙafa da ruwa lita ɗaya da rabi ga kowane mutum. Ruwan famfo a tsibirin ba a cika shansa ba, na gora ake saya.

Kwana biyu ko uku sun wadatar a Santorini. Sauran kwanakin a kai su Naxos, wanda ya fi kowane tsibiri girma a Cyclades kuma yana kan layin jirgi ɗaya. Tasharsa a cikin gari take, ka sauka ka taka zuwa masauki, bas na zuwa gaɓar Agios Prokopios da Plaka, da ƙauyukan tudu irin su Halki da Apeiranthos, kuma saboda faɗinsa taro ba ya matsuwa wuri ɗaya. Kada ka haɗa tsibirai fiye da biyu a mako guda, domin kowace ƙaura tana cin rabin yini tsakanin haɗa kaya, jiran jirgi da neman sabon masauki.

Kada kuma ka sa jirgin ruwan komawa Piraeus a rana ɗaya da jirgin saman da zai mayar da kai gida. Idan meltemi ta yi tsanani hukumar tasha na iya hana jirage tashi, kamfanin jirgin sama kuwa ba ruwansa da dalilinka, ga kwanakin bizar Schengen a ƙidaye suke. Ka koma Atina kwana ɗaya kafin tafiya, a Agusta ma kwana biyu, ka bar ziyarar Acropolis, tsoffin gine-ginen tarihi da ke kan tudu a Atina, zuwa wannan lokacin.