Yadda za ka yi wa shekararka hisabi, ka kuma huta a ƙarshen Disamba

Hutun ƙarshen shekara ba shi da tsawo. Gwamnatin tarayya kan ba da ranakun 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu, yara sun gama zangon farko suna gida, hunturu ya kankama. A daidai lokacin ne kuma gayyatar ɗaurin aure ke cika waya. Wanda bai tsara ba, kafin ya ankara kwanakin sun ƙare a kan hanya, ya koma aiki da gajiyar da ta fi ta da.

Fara da hisabin, kada ka bar shi sai ƙarshe. Ware safiya guda, bayan asuba kafin gida ya tashi, ka ɗauki littafi da biro. Kada ka ce da ka za ka tuno komai, don abin da ya faru kwanan nan ne kawai zai yi ta zuwa maka. Buɗe hotunan wayarka tun daga Janairu, ka bi su wata-wata: sunan da aka yi, jinyar da aka sha, rasuwar da aka yi, ranar da ka buɗe shago. Rubuta abin da ya samu da abin da ya kuɓuce, layi ɗaya-ɗaya. Abubuwan godiya da yawa sai a nan za ka tuna da su.

Daga nan sai kuɗi. Fitar da bayanin shige da ficen asusunka daga manhajar banki, ka duba nawa data da mai da gudunmawar biki suka ci. Sai bashi, wanda a ganina shi ne ya fi cancanta a zauna a kansa. Raba shafi biyu, gefe guda wanda ake bin ka, ɗaya gefen wanda kake bi, har da na mai shagon unguwa da zubin adashin da ka tsallake. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Kira mai bin ka kafin shi ya kira ka, ka faɗa masa ranar da za ka iya biya, ko da kaɗan-kaɗan ne. Wanda kake bi kuwa, in ka san yana cikin matsi, ka ɗaga masa ƙafa. A tuna dai shekarar zakka da watan Musulunci ake ƙirga ta, lissafin Disamba ba ya tsaya mata.

Kafin ka rufe littafin, cire kuɗin makarantar Janairu ka ajiye gefe, tun bukukuwa ba su taɓa shi ba. Rubuta sunan gwaggo ko kawun da ka shekara ba ka leƙa ba, ka sa masa rana. Burin baɗi kuma kada ya wuce biyu ko uku.

Yanzu rufe littafin, kada ka sake buɗe shi sai an koma aiki.

Hutun kansa sai ka tsare shi. Zaɓi bukukuwan da dole ne a gan ka, sauran ka kira ka yi fatan alheri. Kashe data na 'yan awoyi kullum, ka yi barcin rana. Manzon Allah (SAW) ya gaya wa Abdullahi ɗan Amr cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, iyalinsa ma haka. Maigida, ka lura: hutunka sau da yawa ƙarin aiki ne ga uwargida, ga yara, ga baƙi, ga tukunya ba ta sauka. A sayo ƙosai da koko wata safiyar, manyan yara su karɓi wanke-wanke, ita ma ta samu ta miƙe ƙafa.

Da daddare in sanyi ya matsa, kada a kwana da garwashi a ɗaki a rufe, hayaƙin gawayi yana kisa cikin barci. In kuma ka je ƙauye, dawo ana saura kwana guda a koma aiki, ka kwana a gidanka tukuna.