Yadda za ka bi sawun kakanka da ya je yaƙin Bama

A ɗakin kakata, wajen Ƙofar Sauri a birnin Katsina, akwai wata adaka da ba a buɗewa sai za a fito da kayan salla. A can ƙasanta, cikin tsumma, na tarar da lambobin yabo uku, da takardar sallama daga soja wadda gara ta ci gefenta, da wani ɗan ƙyalle ruwan ɗorawa mai hoton baƙin gizo a tsakiya. Kakana ya rasu ina ƙarami, kuma abin da muka tashi muna ji bai wuce "ya je Bama" ba, wato ƙasar Bama ta nahiyar Asiya, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Shekara uku na yi ina bin sawunsa. Ga hanyar da na bi, don na san gidaje da yawa daga nan har Daura suna da irin wannan adaka.

Ka fara da tsofaffin gida, musamman mata. Takarda za ta jira ka, su kuwa kullum raguwa suke yi. Ka je da hantsi ko bayan la'asar, ka riƙe goro, ka nemi izini kafin ka kunna wayarka ta ɗauki murya. Kada ka ce "a ba ni labarin yaƙi", don amsar da za ka samu ita ce "ni me na sani, ai maza ne suka je". Ka tambayi ƙananan abubuwa. Ni cewa na yi wa kakata, "Iya, da Malam ya dawo, me ya zo da shi?" Ta yi shiru, can ta ce bargo da adda da wata buta ta ƙarfe. Daga nan bakinta ya buɗe. Ta ce duk daren da aka yi ruwan farko ba ya barci, sai ya zauna a zaure har asuba. Ta ce akwai tabo birjik a ƙaurinsa, na matsattsaku. Ta ce yakan faɗa musu cewa abincinsu daga sama ake jefo shi da laima, mutane suna ganin ƙari yake yi. Ba ƙari ba ne: runduna ta 81 da ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan a 1944, jiragen sama ne ke jefa mata abinci da harsashi, saboda babu hanyar mota a wannan daji.

Kada ka katse tsohuwa don gyara mata shekara. Ka rubuta yadda ta faɗa, gyara ya zo daga baya, a wani shafi daban.

Sai ka koma kan kayan. Ƙyallen nan na kafaɗa shi ne ya fi komai yi mini amfani. Baƙin gizo alamar runduna ta 81 ce ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1943. In kuwa ka ga mashi biyu a gicciye a kan gammo, to runduna ta 82 ce, wadda ta bi baya ta yi yaƙi a yankin Arakan na Bama, ta shiga garin Myohaung a watan Janairun 1945. Gammon ba ado ba ne. Dubban mutanenmu dako suka yi, suna ɗauke da kayan igwa da harsashi a ka, suna hawan tsaunuka cikin ruwan damina, don haka in aka ce maka kakanka ɗan dako ne a soja, kada ka raina. Lambar yabo kuma ka duba ƙyallenta. Na lambar da ake kira Tauraron Bama ja ne a tsakiya, gefensa shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Na Tauraron Afirka launin yashi ne da ja a tsakiya, kuma in ka same shi a gidanku, mai yiwuwa mutumin ya yi yaƙin gabashin Afirka, inda sojojin Najeriya suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941 suka wuce Habasha. Galibi ba a rubuta sunan mai lambar a jikinta, shi ya sa takardar sallama ta fi ta daraja.

A takardar, lambar soja za ka nema, wadda ke farawa da NA. Ita ce makullin komai, domin suna yana ruɗarwa. Turawa sukan rubuta sunan mutum su liƙa masa sunan gari, wane Katsina, wane Daura, ko da daga wani ƙauye dagaci ya turo shi. Wasu ma da suka gudu daga gida suka shiga kurtu sun canza suna. In naku bai dawo ba, ka sa lambar a shafin intanet na hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Kwamanwel. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun akwai ginshiƙai ɗauke da sunayen mutum kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, kuma akwai namu a ciki.

Roƙona ɗaya: kada ka kai takardar a manne ta da leda mai zafi, kada kuma ka goge lamba da toka ko lemon tsami. Ka shimfiɗa su a inuwa da rana, ka ɗauki hoto gaba da baya, ka tura wa 'yan'uwa uku ko huɗu, sannan ka nannaɗe da farin ƙyalle ka ɗaga daga ƙasa.

In kana da hali ka je Kaduna, Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa, ka nemi fayilolin lardin Katsina, ka kuma leƙa Gidan Arewa. Ka tambayi tsofaffin fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939. Ita ce ta riƙa kawo wa mutanenmu labarin yaƙin da Hausa, ana karanta wa jama'a a ƙofar gida, sojoji kuma suna aiko mata da wasiƙu. Ban sami sunan kakana a ciki ba, amma na ji irin maganar da suke yi da abin da ke damunsu.

Akwai wani ma'auni da mu Katsinawa muke da shi. Sarki Dikko ya rasu a 1944, ɗansa Usman Nagogo ya hau, kuma bai daɗe da hawa ba ya tafi Indiya da Bama ya gano sojojinmu. Saboda haka ka tambaya: kakanka ya tafi Dikko na da rai? Ya ce ya ga sabon Sarki a can? Iya ta ce rasuwar Dikko, kakana a bakin abokansa ya ji ta, a ƙasar mutane, ya dawo kuma bayan an gama yaƙi da kusan shekara. Da wannan, da gizon, da lambar NA, na iya rubuta shafi huɗu. Na karanta mata su ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ta gyara mini wuri biyu: bargon toka-toka ne, kuma a ƙasa ya zo daga tasha, bai yarda an ɗaukar masa jakarsa ba.